Bashi Ya Shiga Killace

(Ƙarshen watan Maris ne na 2020. Sarkin Rowa na tsaye yana ta dukan ƙofar gidan Sarkin Tsoro. Can sai taga ta buɗe kaɗan, wata doguwar sanda ta riga mai gidan leƙowa.)

SARKIN ROWA: Salamu alaikum! Malam, na san kana ciki, ga takalmanka nan a waje.

SARKIN TSORO: Wa alaikumus salam. Takalman a killace suke, jiya sun fita yawo. Alhaji, ja da baya har bakin sandar nan ya daina taɓa ka. Mita biyu ce cif, ni na auna.

SARKIN ROWA: Ai mita ɗaya Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce.

SARKIN TSORO: Ɗaya ta korona ce, ɗayar ta masu bin bashi.

SARKIN ROWA: Madalla, tunda kai ka taɓo maganar da bakinka...

SARKIN TSORO: Dakata tukuna. (Ya zaro ma'aunin zafi daga hammata.) 37. Da asuba 37, da hantsi 37. Alhaji, wannan tsayuwa wuri ɗaya ba lamɓo jikina ke min ba kuwa?

SARKIN ROWA: Haka na mai lafiya yake, sai ya kai 38 ake maganar zazzaɓi. Ina kuɗina?

SARKIN TSORO: Kuɗinka na nan, kama kawai suka canza. Sun koma sabulu, da man tsabtace hannu, da takardar bayan gida har tana taɓa rufin ɗaki.

SARKIN ROWA: Takardar bayan gida? Ba cutar numfashi aka ce ba? Ko ta gangaro ƙasa ne ban ji ba?

SARKIN TSORO: Ni ma ban gane haɗinsu ba. Amma na ga bidiyo, a Ostireliya har dambe ake yi a kanta cikin kanti. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta...

SARKIN ROWA: Ruwa aka ce ka shafa wa naka, ba a ce ka naɗe shi da takarda ba!

(Na-ji-an-ce ya iso yana haki, waya a hannu.)

NA-JI-AN-CE: Ku saurara! Yanzun nan aka turo min. Wani babban likita, abokin ƙanin mijin yayar maƙwabcinmu, ya ce duk wanda ya riƙe numfashi daƙiƙa 10 bai yi tari ba, ba ya ɗauke da ita.

(Sarkin Tsoro ya kumbura kumatu. Daƙiƙa 10 ta wuce, 20 ta wuce, idanu suka fara firfitowa.)

UWARGIDA (daga cikin gida): Maigida, saki numfashin nan kafin ka yi wa cutar aikinta!

SARKIN TSORO (yana nishi): Na gobe da na jibi nake haɗawa.

UWARGIDA: Zancen banza ne. Mutum kan ɗauke ta har kwana 14 kafin alama ta fito, wani ma ba zai ji komai ba. Gwaji ne kaɗai ke nunawa.

NA-JI-AN-CE: To, tafarnuwa fa? An ce in ka tauna bakwai...

UWARGIDA: Tafarnuwa ba ta kashe ƙwayar cutar. Amma tun da maigida ya fara taunarta ba wanda ya matso kusa da shi, ka ga ta nan ɓangaren tana aiki.

SARKIN ROWA: Ku kuna ta cuta. Ni abin da ya hana ni barci daban ne. Ranar 9 ga wata, bayan Saudiyya da Rasha sun saɓa, farashin ɗanyen mai ya zube da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a yini guda. Ranar 16 kuma ma'aunin Dow Jones na kasuwar hannun jarin Amurka ya zubar da maki kusan 3,000.

SARKIN TSORO: Kana da hannun jari a can ne?

SARKIN ROWA: Ko ɗaya. Amma in na ji kuɗi sun faɗi, ko na waye, sai ƙirjina ya ɗau zafi.

SARKIN TSORO: Ƙirji? Zafi? Uwargida, miƙo ɗaya sandar a ɗaura a kan wannan!

SARKIN ROWA: Malam, bar wasa.

SARKIN TSORO: Wallahi ba wasa nake ba. A wurin aiki an ce kowa ya zauna gida, da muka tambayi albashi sai aka ce mu riƙa wanke hannu. In na fita cuta, in na zauna aljihu ya bushe. Gaba kura, baya sayaki. Mutum miliyan 11 aka kulle a Wuhan tun 23 ga Janairu, Italiya ta rufe ƙasa sukutum. Wasannin Olamfik na Tokyo ma an ɗage su sai 2021. Duniya ta ɗage Olamfik shekara guda, kai ba za ka ɗage bashi ba?

SARKIN ROWA: Su gudu suka ɗage. Kai ma shi nake roƙon ka ɗage.

SARKIN TSORO: Shi ke nan. In ta Allah ta kasance a kaina, sai ka yafe.

SARKIN ROWA: In me? Kai, a'a! Wa ya ce ka mutu yanzu? Uwargida, don Allah a kula min da bawan Allahn nan. A wanke masa hannu da sabulu daƙiƙa 20, a cuɗa har tsakanin yatsu. Kada ya taɓa ido, kada ya taɓa hanci, kada kowa ya gaisa da shi.

UWARGIDA: Ikon Allah. Shekara nawa kuna tare, yau ne na ji Alhaji ya damu da lafiyarka.

SARKIN ROWA: Lafiya uwar jiki, Hajiya, kuma a jikin nan ajiyata take.

(Sai Sarkin Tsoro ya saki atishawa ta taga. Na-ji-an-ce ya arce ya laɓe bayan bishiya. Sarkin Rowa ya tsaya cak, yana lissafi da yatsu.)

SARKIN ROWA: To, ta faru ta ƙare. Ta same ni. Ƙa'ida ta ce a killace ni kwana 14, kuma ba zan kwasa in kai wa iyalina ba. Buɗe ƙofa, a nan zan yi. Sau uku nake ci a rana, ba na ƙin ƙari.

SARKIN TSORO: Kwana 14? Sau uku? Ci 42 ke nan! Tsaya nan, ina zuwa.

(Ya dawo da ɗan abin da ya ɓoye don ranar wuya. Yana lasar yatsa yana ƙirgawa, yana lasa yana ƙirgawa. Ya ɗaura kuɗin a bakin sanda ya sauke su ƙasa gaban Sarkin Rowa.)

SARKIN TSORO: Ga su nan, cif.

SARKIN ROWA: Da... da yawu ka ƙirga?

SARKIN TSORO: Kowace takarda. Ta ƙarshen sau biyu, ta manne.

NA-JI-AN-CE (daga bayan bishiya): Na ji an ce a China bankuna ma killace takardun kuɗi suke yi, a gasa su da zafi ko a haska su da wata fitila, a ajiye kwana 7 zuwa 14!

UWARGIDA: A rubuta ranar nan. Yau dai ya faɗi gaskiya.

SARKIN TSORO: Ka ji ko? Dawo da su in killace maka a wurina, kyauta.

SARKIN ROWA: Kura ce za ta yi wa akuya jinya? A'a. Nan za su zauna, ni ma nan zan zauna.

(Ya tsuguna nesa da kuɗin yana kallonsu. Ya miƙa hannu, ya janye. Na-ji-an-ce ya fara matsowa a hankali.)

NA-JI-AN-CE: Na kuma ji an ce cutar ba ta kama wanda ya yi tsintuwa...

(Sarkin Rowa ya yi wuf ya dumbuje kuɗin da hannu biyu ya cusa a aljihu. Sannan ya miƙe, hannaye a ware nesa da jiki kamar shanya.)

SARKIN ROWA: Malam.

SARKIN TSORO: Na'am, Alhaji.

SARKIN ROWA: Hancina ƙaiƙayi yake yi. Ara min sandar nan in sosa.

SARKIN TSORO: Sandar ta taɓa kuɗin. Ka dawo nan da kwana 14.

(Taga ta rufe.)