Turancin da ya kai ni ga ƙwalƙwal a Marwa

Da Kawu ya zo umara daga Kano, ni aka ɗora wa rakiya, tunda a Shara Mansur nake zaune kuma a gida an ɗauka duk yaren da ake yi a Makka ina ji. Muka yi ɗawafi, muka gama sa'ayi 7 a Marwa, saura aski mu kwance harami.

Namiji yana da zaɓi: ko ya aske duka, ko ya yi saisaye. Ni ɗan saisaye ne tun fil azal, domin kuwa Allah ya yi mini wata irin ƙeya da sai gashi ke rufa mata asiri.

Wanzamin da muka faɗa wa shago ɗan Pakistan ne, Larabcinsa bai wuce na kuɗi ba. Na ce to, ga ranar Turanci. Na gyara zama, na dubi Kawu don ya shaida, na ce: "Cut small, clean." Nufina a rage kaɗan, a yi shi tsaf-tsaf. Mutumin ya ce, "Clean?" Na ce, "Clean!" har da ɗaga babban yatsa.

Ashe a bakin wanzamai wannan kalma ba ruwanta da tsafta, ma'anarta kada a bar ko sili. Ta saisaye daban ce, trim, ta aska kuma shave, cut kuwa jakar magori ce, kowane yanka na shiga cikinta. Har gobe ina ganin rashin adalci ne kalmar wanke kwano ta zama ta sharar kai.

Gajiyar sa'ayi ta sa na lumshe ido. Sanyin na'urar sanyaya ɗaki ne ya farkar da ni, don ya sauka a wurin da iska ba ta taɓa kaiwa ba. Ina duba madubi, ga titi fetal daga goshi zuwa ƙeya.

"Haba malam! Small na ce!"

Ya nuna layin 'yan harami da ke jira a waje, ya ci gaba da aikinsa.

Kawu kuwa, wanda ko "yes" bai iya ba, ya kama gashinsa da yatsu biyu, ya nuna gwargwadon gaɓa. Aka yi masa saisaye mai kyau kamar ango. Yana kakkaɓe kafaɗa yana cewa, "Ɗana, kai ka ci riba ai. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, sau 3 ya yi wa masu aski addu'a, masu saisaye sau 1." Gaskiya ce, amma da bai faɗe ta yana danne dariya ba.

Ina laluben riyal 10 a ɗamara, wanzami ya matso da aska, ya nuna gemuna.

"Clean?"

Da hannu biyu na tallafe shi. Kuɗin ma Kawu ne ya ƙarasa biya, ni ina bakin titi.