Ba tsufa kaɗai ke sa Baba haki ba

'Yan uwana matasa, don Allah mu riƙa sa ido kan numfashin iyayenmu. Akwai ciwon huhu da likitoci ke kira COPD, hanyoyin iska ne ke tsukewa sannu a hankali, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 kaɗai ya kashe mutum wajen miliyan 3.5, amma da yawan masu shi ko sunansa ba su taɓa ji ba.

Abin da ke ɓoye shi, ba rana ɗaya yake kada mutum ba. Huhu yana da juriya, sai ya ci jiki sosai kafin a ji, to kafin nan mutum ya riga ya rage wa kansa abubuwa bai ankara ba. Baba da ke takawa masallacin Juma'a da ƙafa yanzu sai an kai shi a mashin, Mama ta ajiye taɓarya ta ce a kai niƙa, kowa ya ce ai girma ne ya zo. Tarin asuba da kaki kuma an raɗa masa suna, wai sanyi ne, wai ƙurar hunturu, mai shan sigari ya ce kowa na yi. Sai a aiki yaro kemis ya karɓo maganin tari, kwalba bayan kwalba, shekara biyar ana abu ɗaya.

Kar ka ce ai Mamanmu ba ta taɓa shan taba ba. Shekara talatin tana hura icce a madafi marar taga, wannan hayaƙin ina yake zuwa? Haka mai tuyar ƙosai da mai tsire, da wanda ya yi tarin fuka ya warke amma ya bar masa tabo a huhu.

Gwajin ba wuya, na'ura ce ake busawa da ƙarfi ta auna iskar da ke fita, sifirometa, sai dai an fi samunta a manyan asibitoci, don haka ka tambayi likita da bakinka. Abin da ya lalace ba ya dawowa, amma barin hayaƙi na rage masa gudu, inhela kuma, wato maganin da ake zuƙa ta baki, tana sassauta numfashi. Tarin da ya wuce sati biyu a fara da gwajin tarin fuka (TB), kyauta ne a asibitin gwamnati a Najeriya.

Ku kuma 'yan majalisar shisha masu cewa ai ni ƙalau nake jina, yawanci sai an haura shekara 40 ciwon ke nuna kansa.