Saƙon ne ba ya isa

Wani labarin jarida ya ce jariran da suka gaji cutar raunin garkuwar jiki mai tsanani ba su da ƙwayoyin kariya, sai ya tsaya nan. Gaskiya ne, amma bai faɗi dalili ba. Sunadarai masu ɗauke da saƙo, irin su IL-7 da IL-15, sukan manne a jikin ƙwayar garkuwa, sai wani sinadari a cikinta mai suna JAK3 ya tayar da wani mai suna STAT5, shi kuma ya shige tsakiyar ƙwayar ya kunna ƙwayoyin gadon da za su sa ta girma. In an gaji lahani a IL2RG, ƙwayar gadon da ke samar da wani sashe na wurin karɓar saƙon, saƙon ba ya wucewa, ƙwayoyin garkuwa da ake kira T da NK ba sa samuwa. Maza cutar ta fi kamawa, domin lahanin yana kan kuromozom X, zaren gadon da namiji ke da guda ɗaya tak. Ita ce ta tsare wani yaro mai suna David Vetter cikin tantin roba a Amurka har gab da rasuwarsa a 1984.

Abin da ke ci mini rai shi ne jinkirin gano cutar. Jariri na ta gudawa, bakinsa ya yi fari fat, huhu ya kamu, ana ta sauya magani kawai. Allurar BCG ta rigakafin tarin fuka ma tana iya cutar da shi. Dashen ɓargo kuwa ya fi nasara a watannin farko. Don Allah 'yan jarida ku riƙa sanar da iyaye wannan.