Nasiha ga matasa daga ƙasar da sanyi bai kulle mutanenta a ɗaki ba

A garin Tromso da ke arewacin Norway, rana tana faɗuwa a ƙarshen watan Nuwamba, ba ta sake fitowa sai tsakiyar Janairu, amma duk da wannan duhu da ƙanƙarar da ke lulluɓe hanyoyi, mutanen garin sukan sa kayan ulu, su ɗaura fitila a goshi, su fita tattaki tare da 'ya'yansu. Sunan wannan ɗabi'a a harshensu friluftsliv, wato zama a sararin Allah, kalmar da marubucinsu Henrik Ibsen ya yi amfani da ita a wata waƙa a 1859.

'Yan'uwana matasa, na kawo wannan zance ne saboda halin da nake ganinmu a ciki yana damuna. Saurayi mai jini a jika zai wuni a ɗaki rungume da waya, ya kai ƙarfe biyun dare bai runtsa ba, ya wayi gari da ciwon kai da kasala, sannan ya rasa dalilin da ya sa zuciyarsa take a cunkushe.

Mutanen Norway sun ɗauki lamarin fita sararin Allah da muhimmanci har suka kafa masa doka a 1957, wadda ta ba kowa izinin ratsa daji da duwatsu da gaɓar teku ko da filin mallakar wani ne, matuƙar ba gona ba ce ko harabar gida. Mutum yana iya kafa tanti ya kwana biyu ba tare da neman izini ba, muddin ya nisanci gidan da ake zaune a ciki da mita 150, kuma ya bar wurin tsaf kamar yadda ya tarar. Abin da ya fi burge ni shi ne bukkokin ƙungiyarsu ta masu tattaki, wadda aka kafa a 1868, sun haura 500, kuma a cikin da yawansu babu mai gadi ko mai karɓar kuɗi. Matafiyi ya shiga, ya ɗebi abincin da aka tanada, ya rubuta abin da ya ci, ya biya da kansa. Yaron da ya tashi yana ganin haka ya koyi riƙon amana kafin a karanta masa ita a aji.

Amfanin kuma masana sun auna shi. Wani bincike na Jami'ar Exeter da aka wallafa a 2019, kan mutum kusan 20,000 a Ingila, ya gano cewa masu samun minti 120 a mako a cikin itatuwa ko bakin ruwa sun fi bayyana samun lafiya da natsuwa, ko a tashi ɗaya suka yi ko a rarrabe. Hasken safiya yana daidaita barci, yaran da ke wasa a waje kuma ba su cika kamuwa da matsalar ido ta rashin ganin abin da ke nesa ba.

Na san za ku ce zafi ya yi yawa, kuma dazuzzukanmu da dama ba su shiguwa saboda rashin tsaro. Gaskiya ne, ban kuma ce kowa ya kai kansa inda zai halaka ba. Amma tsakanin sallar asuba da hantsi akwai sanyin da ya ishi tafiyar rabin awa, haka ma bayan la'asar. Wanda ke Kano yana iya hawa Dutsen Dala, na ƙauye kuwa gona da fadama suna bayan gidansa. Ku ajiye wayar a aljihu, ku ja hannun ƙannenku, ku koya musu bambance marke da kanya, sannan in kun sha ruwa ku dawo da ledar gida.