Farin rubutu da gajeren wando

Wata bakwai kenan da aka kira mu ɗakin taro a inda nake aiki aka ce kamfani yana godiya da gudummawarmu, kuma duk mai hankali ya san idan aka fara gode maka a ofis da safiyar Litinin to ka fara naɗe wayar cajarka kawai. Ni kuwa ko a jikina, har ina ba sauran abokan aiki haƙuri kamar ni ba a sallame ni ba, a raina ina cewa mutum irina mai shekara shida yana aiki ai sati biyu ya yi yawa wani wurin zai wawushe ni. Na dawo gida na ce wa matata ta kwantar da hankalinta, hutu ne Allah ya ba ni. Ta dube ni ta ce to Allah ya sa hutun ya san hanyar komawa.

Washegari na buɗe shafina na LinkedIn, dandalin nan na ma'aikata da masu neman aiki, da na yi shekara uku ban leƙa ba, sai da na nemi sabon lambar sirri ma domin tsohon ya bi ruwa. Na sa koren zoben nan da ake zagaye hoto da shi a nuna mutum yana neman aiki, wanda suka fito da shi a 2020 lokacin korona da aka yi ta sallamar mutane, na ga ya yi mini kyau kamar an rataya mini lambar yabo. Daga baya na ga labarin cewa tun 2023 masu rajista a dandalin sun haura biliyan 1, wallahi sai na ji kamar duk biliyan ɗin aikin da nake nema suke nema, saboda za ka ga an saka talla awa ɗaya da ta wuce, kafin ka gama karanta sharuɗɗan an rubuta a ƙasa mutum sama da 100 sun riga sun nema. Yaushe suka karanta? Ba sa barci ne? Ga kuma masu tallar da za su ce ƙaramin ma'aikaci suke so sabon shiga, amma ya zo da gogewar shekara biyar da iya manhaja takwas, kamar a ce ana neman jariri mai gemu.

Na samu littafi ina rubuta duk inda na tura. Da na kai 63 na ƙirga amsoshin da suka dawo, guda huɗu ne, kuma duka huɗun kalmominsu iri ɗaya kamar uwa ɗaya ta haife su, mun yaba da ƙwarewarka amma mun ci gaba da wasu. Ɗaya ma ƙarfe uku na dare ta shigo, minti goma sha biyu bayan na tura. Na ce kai wannan ma'aikaci akwai himma, uku na dare yana zaune yana karanta takardata.

Ƙanena da ya karanci kwamfuta ne ya fashe da dariya da na ba shi labari. Ya ce Yaya ai babu wani ma'aikaci, manhaja ce, yawancin manyan kamfanoni suna da ita, ATS ake ce mata, ita take karɓar CV ta zare rubutun ciki ta zuba a rumbunta, mai ɗaukar aiki kuma ya zo ya tace da kalmomin da yake so, ko kuma an riga an saka tambayoyi irin shekara nawa ka yi kana aiki, idan amsarka ba ta kai ba tun a nan ta aika maka da gaisuwar ban kwana. Ya ce gyara takardarka, cire hoton nan da akwatunan ado da ka cika ta da su domin suna rikita ta wajen karantawa, sannan kowane aiki ka duba kalmomin da suka yi amfani da su a tallar, idan da gaske ka iya abin to ka rubuta shi da irin kalmarsu. Shawara ce mai kyau, matsalarta ɗaya, tana buƙatar mutum ya zauna ya yi aiki a kan kowace takarda, ni kuma a lokacin na riga na gaji da zama mutumin kirki.

A wani bidiyo na tsinci dabarar. Wai ka kwafe tallar aikin gaba ɗaya ka manna a ƙasan CV ɗinka, ka mayar da girman rubutun 1, ka canza launinsa zuwa fari, ka adana a PDF. Idon mutum ba zai ga komai ba sai farar takarda, ita kuwa manhaja za ta ga duk kalmomin da take nema sun cika cif, ta ce ga gwarzon da muke jira. Na kira ƙanena ina murna, ya ce Yaya don Allah kar ka yi, manhajar ba ta san launi ba, idan ta zare rubutu duk baƙi yake fitowa a gaban mai dubawa. Na ce yaro man kaza, kai dai ka tsaya a karatunka ka bar manya su nemi abinci.

Na fara. Kuma da ma a ce na tsaya a talla ɗaya da sauƙi, amma lalaci ya sa duk sabon wurin da zan tura sai in manna sabuwar tallar a ƙarƙashin tsohuwar ban goge ba, tunda ai ba a gani, me zai dame ni. A wajen ƙwarewa kuma na ƙara da baƙin rubutu ɓaro-ɓaro cewa ni gwani ne a Excel, alhali iyakar sanina da shi in tara lambobi a layi in sa musu launin ruwan ɗorawa.

Kwana tara sai ga imel, ana gayyata ta intabiyu ta Zoom ranar Laraba ƙarfe goma. Na tura wa ƙanena hoton saƙon ban ce komai ba, sai alamar dariya guda biyar. Har yau ban san ko dabarar ce ta jawo ba ko kuwa shugabar sashen ma'aikatansu so ta yi ta ga fuskar mai wannan aika-aika da idonta, amma na fi zargin na biyun.

Ranar na tashi da wuri na sa farar riga da kwat da taye, daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa gajeren wandon da nake kwana da shi ne, wani ja mai zanen taurari da roba ta saki, saboda zafi ake kuma kyamara iyakarta ƙirji. Na liƙa ƙananan takardu a gefen sikirin da amsoshin da na haddace, na jera littattafai a bayana har da wanda ban taɓa buɗewa ba. Matata ta leƙo ta ce ba za ka sa dogon wando ba? Na ce da wando za a yi hirar?

Su uku ne, wata Hajiya mai tabarau ita ce shugabar sashen ma'aikata, wani dattijo da zai zama manajana, da wani saurayi da bai ce uffan ba sai rubutu. Farko lafiya lau. Suka ce in gabatar da kaina na zuba, suka tambayi rauni na na ce ina da yawan son aiki ya fita tsaf, dattijon ya yi wani murmushi na wanda ya ji wannan amsar sau dubu. Har na fara lissafin albashi a raina.

Sai Hajiya ta gyara tabarau ta ce Malam akwai abin da ya ɗaure mini kai a takardarka, a wurinmu shafi biyu ce idan an buɗe, amma a manhajarmu rubutun ya kai shafi tara. Na ce ranki ya daɗe wataƙila matsalar netwok ce. Ta ce to bari in karanta maka abin da netwok ɗin ya rubuta. Ta fara, a hankali, da muryar mai karanta labarai. Muna neman mai gogewar shekara uku, za mu ba da inshorar lafiya da hutun shekara. Ta ɗago ta ce Malam kai ne za ka ba mu inshorar? Saurayin nan ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na rawa. Ta ci gaba, sai ga tallar wani kamfani da suke gogayya da shi har da kirarin da suke yi wa kansu cewa su ne na ɗaya a fagen, sai ga ta direban babbar mota, sai ga wata da ta ce ana ƙarfafa wa mata gwiwa su nema, sai ta ƙarshe wadda ni kaina na manta na taɓa nema, mai kula da dabbobi a wani asibitin dabbobi, dole ya kasance ba ya tsoron karnuka. Dattijon ya ce to aƙalla mun san ba ka tsoron karnuka. Ni da ko ɗan kwikwiyo na gani sai na tsallaka titi.

Nan fa na ce ai ba ni na haɗa takardar ba, ƙanena ne, Allah ya yafe mini, yaron da ya hana ni. Hajiya ta ce ba komai, nuna mana sikirin ɗinka ka buɗe ainihin fayil ɗin mu gani tare. Hannuna na rawa na danna, kuma maimakon in zaɓi taga ɗaya sai na nuna musu fuskar kwamfutar gaba ɗaya, ga folda a tsakiya da sunan da na raɗa mata da kaina, CV mai dabara, ga kuma shafin bincike a buɗe inda na rubuta da daddare yadda ake koyon Excel a awa ɗaya. Ta ce danna Ctrl da A. Na danna. Duk farin filin nan na ƙasa ya yi shuɗi, layi a kan layi ƙanana kamar tururuwa sun taru a kan sukari, shafi bayan shafi. Garin neman gira dai.

Abin da ya rage mini addu'a ɗaya ce, na san Zoom na kyauta yana katse taro idan an kai minti 40, ina satar kallon agogo, 37, 38, 39, na ce Allah ga bawanka. Arba'in ta cika ta wuce ba abin da ya faru, ashe su na kuɗi suke amfani da shi.

Dattijon, wanda na lura mutumin kirki ne yana so ya ba ni hanyar fita, ya ce mu bar wannan, tunda kai gwanin Excel ne ga ɗan tebur na turo maka, haɗa mana sunayen da lambobinsu da VLOOKUP, umarnin nan na Excel mai nemo bayani a tebur. Na buɗe na ƙura wa teburin ido shi ma ya ƙura mini. Na rubuta alamar daidai, na rubuta V, na tsaya. Na ce Yallabai ni na fi sabawa da tsohon salo. Ya ce wanne? Na sa wa layin farko launin ruwan ɗorawa.

Daidai nan kwamfutar ta yi ƙara, caji saura kashi 4, wayar caji kuma tana can bayan kujera. Wallahi ban yi tunani ba, zumbur na miƙe na juya na duƙa ina laluben soket, sai da na ji saurayin da bai yi magana ba tun safe ya ce innalillahi sannan na tuna da taurari. Na dawo na zauna a hankali kamar mai ciwon baya. Hajiya ta cire tabarau tana goge ido ta ce Malam kana da tambaya gare mu? Na ce yaushe zan ji daga gare ku. Ta ce za ka ji.

Na ji kuwa, bayan kwana biyu, kuma wannan karon mutum ne ya rubuta da hannunsa domin a ƙarshe an ƙara layi ɗaya, a gaishe da ƙanenka. Na nuna masa, ya karanta sau biyu ya ce Yaya ni ka ɗora wa? Na ce ai sunan gida ɗaya ne. Sai da na yi sati ina lallashi kafin ya yarda ya zauna ya koya mini VLOOKUP ɗin, ashe abu huɗu kawai ake cikawa a ciki, abin da kake nema, inda za a nemo shi, layin tsaye na nawa za a ɗauko amsar, da ko daidai-wa-daida kake so, minti ashirin na gane, ni da na zubar da mutuncina a kansa gaban mutum uku.

Jiya wani wurin suka kira, intabiyu ranar Litinin. Na duba littafina in ga wace takarda na tura musu, lamba ta 71 ce, cikin 'yan zamanin dabara, kuma tasu ta ma fi tsawo domin bayan ta karnukan na ƙara guda biyu. Matata ta riga ta goge dogon wando ta rataye shi a jikin ƙofa inda ba yadda za a yi in wuce ban gan shi ba, jan kuma tun ranar Laraban nan ban sake sa shi a ido ba, na tambaya ta ce ita ma nema take.