Idan tsohuwa ta manta Hausa, wa zai ji kukanta a Kaduna?

A layinmu na Tudun Wada akwai wata tsohuwa da kowa ke kira Dada. Daga ƙasar Adamawa aka kawo ta amarya, lokacin mijinta yana aikin masaƙa a Kakuri. Ta fi shekara hamsin tana cin kasuwa da Hausa, tana faɗa da Hausa, tana yi wa jikoki tatsuniya da Hausa. In ba ka ji karin harshenta sa'ad da ranta ya ɓaci ba, ba za ka ce Bafulatana ce ba. 'Yan shekarun nan mantuwa ta kama ta. Da fari carbi ne ke ɓacewa, sai tambaya ɗaya sau goma kafin azahar. Daga baya Hausar ta fara zubewa, har ta kai in ka gaishe ta sai ta dube ka kamar baƙo, ta amsa da Fulatanci. Wata rana cikin zafin bazara ta yi ta cewa "ndiyam, ndiyam". Jikarta da ke jinyarta ta kawo abinci, ta kawo mafici, ta gyara mata filo, tsohuwa dai sai kuka. Sai da mai tallan nono ta shigo gidan, ta sauke ƙwarya, ta ce, "Ai ruwa take nema." Randa cike take a tsakar gidan.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan. Ciwon mantuwa, wanda muke kira gigin tsufa ko rikicin tsufa, yakan fara cin abin da ƙwaƙwalwa ta ɗauka daga baya, ya bar na ƙuruciya sai ƙarshe. Shi ya sa tsoho zai manta abin da ya karya kumallo da shi, amma ya tuna sunan rafin da ya yi wanka yana yaro. Harshe ma hanyar yake bi. Da yawa daga masu wannan ciwo, yaren da suka koya da girma ne ke fara kuɓuce musu, su koma wanda suka sha a nono. A Ostareliya har gidajen kula da tsofaffi na Girkawa da na Italiyawa aka buɗe, saboda ma'aikatan da suka yi ƙaura can bayan yaƙin duniya na biyu sun tsufa, Turancinsu ya gudu.

Mu a nan gani muke wannan matsalar mutanen Turai ce, tunda kowa yana jin Hausa. Ni kuwa ina ganin ba garin da ya kamata ya damu da ita a Arewa kamar Kaduna. Gari ne da baƙi suka cika a kan ƙasar Gbagyi. Tun da Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917, jirgin ƙasa da barikin soja da aikin gwamnati suke kwaso mutane. Masaƙar farko ta fara aiki a Kakuri a 1957, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya biyo baya a 1975, matatar mai a 1980. Nufawa, Barebari, Yarabawa, Tibi, Idoma, Igala, Igbo, Bajju, Atyap, Zabarmawa da Buzaye daga Nijar, duk suka zo da ƙuruciyarsu suka koyi Hausa a layin masaƙa da Kasuwar Barci. Waɗanda suka rage a raye daga cikinsu yau 'yan saba'in ne da tamanin. Ga kuma tsofaffin da rikicin Boko Haram ya koro daga Barno, waɗanda ma Hausar ba ta zauna musu a baki ba tun asali.

Mu Hausawa muna alfahari da yadda harshenmu ya bazu, kuma abin alfahari ne. Sai dai a gidaje da yawa jikokin waɗancan mutane Hausa kaɗai suke ji, a wasu unguwannin kudancin kogi kuma Turanci da buroka. Ranar da kaka ta koma yarenta, sai ta wayi gari baƙuwa a ɗakinta. Wanda ba a fahimtarsa dole ya fusata, ya ƙi cin abinci, ya kai duka, ya nemi ƙofa yana cewa zai tafi gida. Daga nan sai fassara ta fara. In tsohuwa ta shiga magana da yaren da yara ba su taɓa ji a bakinta ba, wani zai ce iska ce ta hau ta, a kira mai ruƙiyya. Wani zai ce sammu ne. Mafi muni, in ta fita ta ɓata a wata unguwa tana surutai, a taru a kanta ana cewa mayya ce. Addu'a tana da wurinta, ban ce a bar ta ba. Amma Alƙur'ani da kansa, a Suratun Nahli aya ta 70, ya faɗa mana akwai wanda ake mayarwa ga mafi ƙasƙancin shekaru har ya rasa sanin abin da ya sani a da. Jarrabawar tsufa ce, kuma tana da suna a asibiti.

Asibitin ma ba a tsira ba. Gwajin da aka fi sani na auna ƙwaƙwalwa mai maki 30 ne, an tsara shi a Amurka a 1975. Ana tambayar yau nawa ga wata, wace shekara ake ciki, a ce ka riƙa cire bakwai daga ɗari, ka rubuta jimla, ka kwaikwayi zane. Ka ɗora wannan a kan matar da ba ta taɓa riƙe biro ba, wadda ke lissafin lokaci da azumi da damina, sannan ka yi mata tambayar da yaren da ke kuɓuce mata. Mai lafiya za ta faɗi, a ce tana da ciwo. Mai ciwon gaske kuma a ce ai rashin jin yare ne, a sallame ta. Masu bincike a Ibadan sun gane haka tun farkon shekarun 1990, suka yi aiki da gwajin da aka daidaita da Yarabanci da rayuwar tsofaffin garin. Abin da ya yiwu a Ibadan zai yiwu a jihar da ke da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, ga asibitin Barau Dikko, ga na koyarwa a Shika kusa da Zariya.

Sai batun tafinta. Yawanci duk wanda ya rako mara lafiya shi ne tafinta, ko da yaro ne ɗan shekara goma sha biyu, ko suruki. Wace tsohuwa ce za ta ce wa surukinta tana jin zafi in za ta yi fitsari? Alhali ciwon mafitsara da ƙarancin ruwa a jiki suna iya rikita tsoho cikin kwana biyu, kuma dukansu ana maganinsu. Kunya da rashin yare suka haɗu, sai a rubuta cewa ciwon mantuwa ne ya ƙaru.

Na san za a ce asibitocin da ke fama da ƙarancin likita da magani ina suka ga kuɗin tafinta, a jihar da ke da harsuna gommai. Gaskiya ne. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum fiye da miliyan 55 ke da wannan ciwo, sama da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin tamu, don haka ba wucewa zai yi ba. Kuma abin da nake nema ba mai tsada ba ne. A katin duk wanda ya haura sittin, a ƙara layi ɗaya: wane yare ya tashi da shi? Kowane asibiti ya san yarukan da ma'aikatansa ke ji, daga nas har mai shara, domin sau da yawa tafintan yana nan cikin ginin. Ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya, waɗanda ke taro duk wata su haɗa kuɗin biki da na kai gawa gida, su ba asibiti lambar mata biyu da maza biyu da za a kira. Masallatai da coci-coci sun fi kowa sanin tsofaffin unguwa. Gwamnatin tarayya ta kafa cibiyar kula da tsofaffi a 2021, an kuma sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a farkon 2023. Ma'aikatar lafiya ta jiha tana da abin da za ta dogara da shi in ta so.

A gidan Dada, yanzu mai nonon nan takan biyo kowace hantsi ta zauna bakin tabarma. "Dada, a waali jam?" Tsohuwar da ke wuni ba ta ce uffan ba sai ta washe baki, ta kama hannunta, su yi ta hirar shanu da mutanen da suka daɗe da rasuwa. Jikarta ta samo kwali ta rubuta kalmomin da aka koya mata: ruwa, abinci, ciwo, sanyi, bayan gida. Ta manna shi a bango, saitin gadon.