Ranar da Na Yi wa Amarya Ta'aziyya da Turanci

Kun san dai tun bayan Ƙaramar Sallah nake fama da shirin jarrabawar IELTS, ta gwajin ƙwarewa a Turanci. Malamin da nake biya ya ce matsalata ba nahawu ba ce, Turancin nawa ne lami: komai "very happy", komai "very sad". Wai in ina son maki 7 cikin 9 a ɓangaren magana, dole in san kalmomin da ba sa rabuwa da juna, abin da suke kira "collocation". Bature "heavy rain" yake cewa, ba "strong rain" ba, amma in shayi ne sai ya ce "strong tea". Na ce don me? Ya ce in fara gaya masa don me muke cewa ja wur, fari fat, baƙi ƙirin, amma ba wanda ke cewa ja fat. Na ja bakina na yi shiru. Ya ƙara da cewa wani masanin harshe ɗan Ingila, Firth, ya faɗa tun 1957 cewa kalma da abokan tafiyarta ake gane ta.

Na yayyanka kwali na rubuce su, ina bita a adaidaita sahu safe da yamma: "deeply saddened", "bitterly disappointed", "utterly devastated", "heartfelt condolences". Abin da ban lura ba, shafin baƙin ciki na fara haddacewa. Na farin ciki na ce sai mako mai zuwa.

Sai ga dinar ƙarin auren Oga. Wanda zai yi magana a madadin ofis bai zo ba, mai gabatarwa ya tambayi teburinmu wa zai tashi, akanta ya ɗaga murya ya ce, "Ga Baturen ofishinmu nan!" Da Hausa kowa ke jawabi a wurin nan, wallahi ba wanda ya ce in yi Turanci. Ni na ga dama ta samu.

Na karɓi makirufo, na gyara zaman hula, na ce, "I am deeply..." Niyyata in ce "honoured". Amma mako uku cur duk inda "deeply" ta sa ƙafa "saddened" na biye da ita kamar raƙumi da akala. Kafin ƙwaƙwalwata ta iso, baki ya riga ya sake ta. Na ji ta da kunnena tana fitowa daga lasifika huɗu. Oga ya ɗago kai daga wayarsa.

Mai hankali nan zai koma Hausa. Ni kuwa na ce bari in gyara, na ce ai nufina "bitterly delighted". Wannan ko a Ingila ba a taɓa ɗaura musu aure ba, ni ne waliyyi ni ne shaida. Gumi ya fara bin bayana, babbar rigar aro ta manne min. Na juya wajen amarya, yarinya tana ta murmushi cikin mayafinta ba ta san abin da ke tafe ba, na ce bari in rufe da addu'a mai nauyi: "Please accept my heartfelt..." Ina ganin "congratulations" da idona, can nesa, kamar motar da ta tashi ta bar ni a tasha. Na tsaya. Na haɗiye yawu. Mai ɗaukar hoto ya matso da fitilarsa dab da fuskata. Sai "condolences", wato ta'aziyya, ta fito, a natse, harafi bayan harafi, da lafazin da malamina zai yi alfahari da shi.

Wurin ya yi tsit, ko ƙarar cokali ba ka ji. Sai uwargida, Hajiya, wadda kun san shekara nawa ta yi tana koyar da Turanci a sakandare, ta ajiye kofinta ta ce da ƙarfi, "Na gode, ƙanena. Allah ya bar zumunci. Kai kaɗai ka zo da gaskiya."

Dariyar da aka yi ban ji zafinta ba kamar ta akanta. Mutumin nan har ƙasa ya durƙusa yana dukan tebur, ya zubar da zoɓon wata baiwar Allah. Shi fa, wanda kullum in za a tashi sai ya ce "off the light", wanda ya rubuta wa Oga takardar neman hutu da kuskure biyar a layi uku, ni na gyara masa. Kuma har yau dubu 15 ɗina na adashe na hannunsa tun kafin azumi. Duk ranar da na tambaya sai ya ce albashi bai shigo ba, alhali shi ke biyan albashin. Shi ne kuma ya ɗauki bidiyon ya ɗora a WhatsApp, ya rubuta "Ta'aziyya" a ƙasa, har da hoton fuska mai hawaye. Matata a can ta gani kafin in isa gida. Da na yi sallama, maimakon sannu da zuwa sai ta ce, "Ya ƙarin haƙuri?"

Ranar Litinin Oga bai ce min uffan ba, takardu kawai ya miƙo ba tare da ya dube ni ba. Da azahar direban gidansa ya kawo min dambun nama cikin roba, wai in ji Hajiya. Ban san ko in ci a ofis ko in ɓoye ba, sai na tura shi cikin durowa. Akanta ya ji ƙamshi ya zo ya ɗebi rabi.

Yanzu na shiga shafin farin ciki. Akwai wata wai "bursting with pride", fashewa da alfahari, ita ma ban yarda da take-takenta ba. Jarrabawar saura mako biyar.